Burtalin da Na Toshe da Fensir

Ko da zan manta ranar da na karɓi shaidar digirina na biyu, ba zan taɓa manta makon da muka yi rajistar kwasa-kwasan zango na biyu ba. Lokacin ina karatun tsara birane a Dutse, kuma in faɗi gaskiya kaina ya kumbura, domin zanena ne ya fi na kowa maki a zangon farko. An ba mu hoton wani fili na bayan gari da aka ɗauka daga sama, aka ce kowa ya tsara sabuwar unguwa a kai. Na zuba tituna miƙaƙƙu, na yanka fulotai, har da shataletale.

A sabon zangon akwai kwas biyu da kowa zai zaɓi ɗaya daga ciki. Kowa ya ruga na zane da kwamfuta, wai shi ke kawo aiki a Abuja. Ɗayan na tsara filayen gefen gari ne, na wani dattijon malami mai sa ɗalibai yawo a rana, kuma idan mutum uku ba su yi rajistarsa ba zuwa azahar ɗin Alhamis, za a soke shi. Ni tuni na rubuta na kwamfuta a fom, sa hannu kawai ya rage.

Ranar Asabar na je gida Miga da zanen da hoton, don in yi burga. Baffana, ƙanin mahaifina, shi kaɗai ya rage yana kiwo a gidanmu, kuma bai taɓa shiga aji ba. Na shimfiɗa masa takardun a tabarma. Ko kallon titunana bai yi ba, hoton ya ƙura wa ido har ya gane wajen ta wani dutse mai tsaga. Sai ya ɗora yatsa a kan wasu layuka biyu masu duhu, ya tambaye ni mene ne. Na ce iyakar gona ce.

"Iyakar gona ba ta tafiya biyu-biyu, ɗana," in ji shi. "Aguwa ce aka dasa hagu da dama. Burtali ne wannan. Ta nan muke bi da shanu idan za mu kudu da rani, tun kakanka yana raye."

Da ya ga gidajen da na jera a kai, sai ya ce to, shanun sai su riƙa sallama suna wucewa ta tsakar gidan mutane. Kowa ya yi dariya ban da ni. Kunya ta rufe ni. Ni da na tashi a bayan shanu, wai ban gane burtali ba don an nuna min shi daga sama.

Ranar Litinin na soke na kwamfuta na rubuta kwas ɗin dattijon. Mutum ɗaya na tarar ya riga ni, muka zama biyu. Na bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai zo digiri na biyu don ya sha rana ba. Wata 'yar Haɗeja, matar aure mai yara uku, ita ma ta ce in ƙyale ta. Ranar Laraba na kai mata hoton da zanen, na ba ta labarin Baffa. Ta duba, ta duba, sai ta nuna kusurwar da na sa makarantar firamare, ta ce kwari ne, da damina ruwa zai kwanta a wajen, duk ɗan garinsu zai gane haka da kallo ɗaya. Ta miƙo min takardata ta wuce.

Ranar Alhamis ina tsaye a ƙofar ofishin sashe, rana ta kusa tsaka, sai ga ta da fom a hannu.

"Malam, ba don kai na sa hannu ba," in ji ta. "Don kada ka sa 'ya'yan mutane iyo zuwa makaranta ne."

Fitarmu ta farko, wannan filin dattijon ya kai mu, kuma da ya ji labarin sai ya ce in gayyato Baffa. Har yau ina ganin su: Baffa a gaba da sandarsa yana nuna aguwa, malamin jami'a a baya yana rubutawa.

Abin da na koya shi ne, babu filin da yake farar takarda. Kafin fensir ɗina ya iso, ƙafafun mutane da na dabbobinsu sun riga sun zana shi. Shi ya sa yanzu a wajen aiki ba na jan layi sai na taka wajen da ƙafata, na gaida masu binsa, na tambaye su ta ina suke wucewa.