Kwantaccen Cikin Inna

Shekarun baya can da nisa, Turawa ba su riga sun tafi ba, ana dai ta raɗe-raɗin za su tafi, aka kai ni gidanmu a Gubuchi goyon ciki. A Saulawa nake aure, na shekara takwas ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai da kowa ya fid da rai sannan Allah ya kawo. Da cikin ya shiga wata bakwai aka yi mini yadda ake yi wa mai cikin fari, aka mai da ni wajen mahaifiyata in haihu a hannunta. Na taho da murnata zan miƙe ƙafa a yi mini hidima, ashe wata biyu zan yi ban zauna wuri ɗaya ba.

Ni ce 'yar fari, kuma ni kaɗai na rayu. A bayana mahaifiyata ta haifi shida, babu wanda ya kai yaye. Duk da haka kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Ba ta kama sunana, ba ma zama mu yi hira, in tana son in miƙo mata abu sai ta faɗa wa iska, ni kuma in tashi in kawo. Mace ce mai sanyi, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba tun tasowata.

Wadda na tarar daban ce. Da sassafe, kowa na ƙudundune da mayafi, sai in ga zufa na tsatstsafo mata a goshi da wuya, ta fizge ɗankwali, ta ɗauki mafici tana fifita kamar mai hura wuta. Jim kaɗan kuma ta ce sanyi take ji. Ta zauna a rumfa, ta tashi ta koma ɗaki, ta fito ta leƙa randa, ta manta abin da ta fito yi. Kaji ma ba su tsira ba, faɗa take yi da su kamar suna jin Hausa. Wata rana na same ta tana daka tana hawaye, ba wanda ya taɓa ta. Barci kuwa ya ƙaurace mata, kullum idanunta jajur. Tambayarta ba ta yiwuwa, don haka na tambayi maƙwabciyarmu ta katanga.

Maƙwabciyar ta ja ni gefe ta ce ai ciki ne da ita, ya kusa shekara biyu. Jini ya ɗauke mata, aka kira ungozoma ta shafa, ta ce yaro na nan amma ya kwanta. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, kowa ya san ciki kan kwanta ya yi shekaru, in an dace da magani ya tashi a haife shi. Zafin nan da ke taso mata, in ji maƙwabciyar, yaron ne ke neman motsawa. Sannan ta rage murya ta ƙara da abin da ya hana ni sukuni: wai tsofaffi na cewa in jika ya riga shi fitowa, to ya kwanta ke nan har abada.

Ni dama ba a faɗa mini abu sau biyu. Nan take na gaskata, na shiga lissafi da yatsu. Wata biyu ya rage mini. Duk sanda ɗan cikina ya harba sai gabana ya faɗi, in ji kamar ni ce ke rufe wa mahaifiyata ƙofa. Nakan kama ta tana satar kallon cikina, in mun haɗa ido ta kau da kai. Mahaifina kuwa, na lura duk sanda ya dawo daga gona sai ya tsaya bakin ɗakinta ya tambayi jiki, da wata irin murya ta mai jiran labari.

Kafin zuwana an riga an gwada abubuwa. Ta sha rubutu har allo nawa, wanzami ya yi mata ƙaho a baya don a zuƙe zafin, an yi hayaƙi, an yi sadakar waina. Ni kuma, da yake na fi kowa wayo a ganina, na yanke cewa duk wasa suke yi. Ranar kasuwar Makarfi na bi matan da ke kai barkono, ban gaya wa kowa ba, da cikina wata takwas da ƙafafu a kumbure. Muna tafe suna yi mini tsiya wai a hanya zan sauke, ina haki ina ce musu su ji da kayansu.

A bayan 'yan rake na sami mai magani ya baza saiwoyi a kan buhu. Bakinsa kamar zuma. Ban gama bayani ba ya ce ya gane, ya tayar da cikin da ya shekara bakwai a kwance, yaron ma yanzu kiwo yake yi. Ya ƙulle mini sassaƙe da wata baƙar saiwa, ya ce a dafa da jar kanwa a sha safe da yamma. Na dawo ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Na dafa da hannuna, na zuba a ƙwarya na ajiye a bakin ɗakinta, na faɗa wa iska cewa ga magani daga Makarfi. Ta fito ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta ɗauka ta shanye.

Kwana uku ta yi tana sha. Rana ta biyu amai da gudawa suka fara, ni da wautata na ce aiki maganin yake yi. Rana ta uku da hantsi ta yanke jiki ta faɗi a gindin turmi. Ban san na iya gudu da cikin nan ba sai ranar. Mahaifina ya baro gona, aka ɗora ta a jaki, shi yana riƙe da ita, ni ina biye ina kuka, muka nufi ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Makarfi.

Malamin asibitin dattijo ne mai haƙuri. Ya tambayi shekarunta, babu wanda ya sani, sai ya dube ni ya ƙiyasta. Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska, don haka duk maganar da mahaifina ya yi ta. Ya ba da wani farin ruwa a kwalba don aman da gudawar, ya ce a zubar da sassaƙen nan yau ɗin nan. Game da ciki kuwa ya ce shi bai ga alama ba, shekaru ne suka zo, kuma ba shi da maganin da zai mai da su baya. In ana so a tabbatar, akwai likita mace a Zariya. A hanyar dawowa mahaifiyata ta ce namijin da bai taɓa ɗaukar ciki ba me ya sani, Zariya kuma ba inda za ta.

Ta tashi daga ciwon, amma a rame, kuma rashin natsuwar ya ninku. Ni ma na kasa zama, na kasa cin abinci, ina tsoron ta sa a nemo wani maganin. Mahaifina ya rasa yadda zai yi, sai ya aika Kudan a kira yayarsa. Gwaggona mai sayar da mazarƙwaila ce, doguwa, mai baki, ba ta san kwana-kwana ba. Ta zo ta yini guda tana kallon yadda muke ciki. Kashegari bayan azahar ta baza gyaɗa a rumfa ta ce mu zo mu ɓare.

Muna cikin ɓara ta fara ba da labarin kanta, kamar da gyaɗar take magana. Ta ce akwai shekarun da zafi kan taso mata daga ƙirji ya haye fuska, zuciya ta riƙa bugawa, ta ji ta tsani kowa har ɗan akuya. Ta ce barci ya guje ta, gwiwoyi suka yi tsami, ta ɗauka sammu aka yi mata. Duk abin da ta lissafa, sai in ga hannun mahaifiyata ya ƙara sanyi a kan gyaɗar. Ƙarshe gwaggo ta juyo ta dube ta.

"Amarya," haka take kiran ta tun ranar da aka kawo ta gidan, "babu kowa a cikin nan. Girma ne ya zo. Duk macen da ta yi tsawon rai sai ta bi ta nan."

Na zaci faɗa za a yi. Sai mahaifiyata ta ce, "Yaya, na sani. Tun daminar bara na sani."

"To me kike jira?"

"In na buɗe baki na ce ba ciki ba ne, shi ke nan na gama. Bakwai na haifa, da guda zan tashi. Shi kuma kullum yana bakin ƙofa yana tambaya."

Gwaggo ta ce a bar mata ƙanenta, ita za ta ji da shi. Mahaifiyata ta girgiza kai ta ce ita za ta faɗa masa da bakinta. Da la'asar ta same shi a zaure. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga ya fito ya ɗauki buta ya daɗe yana alwala.

Gwaggo ta zauna tare da mu har na haihu, kuma ita ce ta koya wa mahaifiyata zama da abin. Ta raba ta da kunun kanwa da yaji mai yawa, ta sa ana jiƙa mata tsamiya a sabon tulu. Ta ce in zafin ya taso kada ta yi kokawa da shi, ta zauna a inuwa ta shafa ruwa a wuya har ya wuce. Ta fid da shimfiɗarta daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa, ta kuma riƙa jan ta zuwa gidajen tsofaffin unguwa. A can aka gano kusan kowacce ta sha irin wannan, kowacce kuma ta ɓoye. Zafin bai tafi ba sai bayan shekara uku ko huɗu, amma ta daina yawo tsakanin ɗaki da randa.

Na haifi mace. Wata safiya gwaggo na yi mini wankan jego, tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, na ce mata har yanzu abu ɗaya ya ɗaure mini kai. In Inna ta san babu ciki, me ya kai ta shan maganin nan har kwana uku? Gwaggo ta dakata da ganyen a hannu ta ce ita ma ta yi mata wannan tambayar.

"Cewa ta yi, yarinyar nan da tsohon ciki ta taka har Makarfi ta dawo. In ta bar ƙwaryar a ƙasa, da wane ido za ta dube ki?"

Da nawa lokacin ya zo, shekaru da yawa bayan Inna ta rasu, ban wahala kamar ita ba, don na san sunan abin tun ranar da ya fara. Na je asibiti, na tambayi abin da zan tambaya, na kuma tara 'ya'yana mata na gaya musu komai dalla-dalla har suna toshe kunne wai na cika baki. Na yarda na cika, gara hakan. Abin da dai ban warke daga gare shi ba shi ne wancan kwana ukun. Har yau in na tuna sai in kasa zama, in tashi in yi ta zagaya tsakar gida. Ina tsaye a bayan zana ina murna tana shanyewa, ita kuma ta san babu abin da zai tashi, don kada raina ya ɓaci kawai take sha.