Ramin Da Aka Tona Wa Mama Tabitha

Duk matar da ta taɓa sayen kaskon turaren wuta a unguwar Galtimari ta Maiduguri ta san Mama Tabitha, ko da ba ta san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan mai ɗaurin ɗankwali a karkace, wadda in kika taya kaskonta da arha za ta zare shi daga hannunki ta mayar kwando, ta ce, "Je ki gina naki." Ni Sa'adiya katanga ɗaya ta raba ni da ita, katangar ma gajera, in na taka turmi tsakar gidanta tas nake gani. Kuma ba zan yi ƙarya ba, ina takawa.

Margi ce, daga wani ƙauye a gindin dutse can kudancin Borno. A wurin uwarta ta koyi ginin tukwane, su tulu da randa da tukunyar miya. Shekarar da aka ƙone garinsu ta shigo Maiduguri ita da mijinta Baba Jona, daga su sai kayan jikinsu, ɗansu Joseph da ke aiki a nan ya kama musu gidan nan mai ɗaki biyu. Da ta duba ta ga 'yan birni sun koma roba, ba mai neman randa, amma babu ɗakin da ba a turarawa, sai ta koma gina kasko. Har tsiya take mana, wai mu mutanen Yerwa, wato Maiduguri, ko ba mu ci ba sai mun yi hayaƙi.

Baba Jona bai daɗe ba. Lokacin yana raye, da yamma nakan ji su suna ta musu da Margi, ban san me suke cewa ba, amma musu ne irin na waɗanda suka tsufa tare. Tun da ya rasu gidan ya yi tsit. Yarenta ya koma na ranar Lahadi da ranar zumuntar mata a coci, can take haɗuwa da tsofaffin yankinsu su zuba shi har su ƙoshi. Sauran ranaku Hausa take yi, wadda ta ce tana gajiyar mata da baki.

Sai ga shekarar korona. An canja wa Joseph wurin aiki zuwa Jos, ya tafi da matarsa neman gida, ya bar wa tsohuwa yaransa biyu, Zion da ƙanwarsa Phoebe, da cewa ba za su daɗe ba. Suna tafiya aka rufe hanya. Aka rufe makaranta, aka rufe kasuwa, aka rufe coci da masallaci, aka ce kowa ya zauna gida. Ga zafin bazara, ga babu wuta, mu kuma ga azumi. Yara biyu masu jini a jika a tsakar gidan da bai kai filin shanya ba, ai sai abin da ya yiwu. Kafin a yi nisa Zion ya fasa kasko da ƙwallo, Phoebe ta zuba omo a ruwan sha, ni kuwa na koyi zagin Margi ba tare da na nema ba.

Akwai tarin yumɓu a kusurwar gidan, wanda wani mai baro ke kawo mata daga bakin kogi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Wannan tarin ko kazata ta taka sai na ji labari. Amma kasuwa a rufe, wa za a gina wa kasko? Wata safiya na ga ta yaye buhun da kanta, ta gutsuro musu curi-curi, ta ce su zauna su bar ta ta sha iska. Suka gina Keke Napep, suka gina motar sojoji mai bindiga a kai. Ta dube su ta ce su gina gida. Suka gina gidan haya da get ɗinsa da tankin ruwa.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Gidanku na asali."

Suka kalle ta zuru. A Maiduguri aka haife su, ba su taɓa taka ƙauyen ba.

Da yamma na miƙa mata ƙosan buɗa-baki ta katanga, ta karɓa, ba ta koma ciki ba. Ta ce, "Sa'a, 'yata, in hanya ta buɗe yaran nan sun tafi ke nan. A Jos ba mai faɗa musu inda suka fito, ubansu ba ya son zancen. Ina so su tafi da garin nan a kansu, ko da ni ban sake ganinsa ba." Na ce Allah ya sa. A raina kuwa na ce wane yaron zamani ne zai ɗauki ƙauye a kansa.

Washegari ta share gefe guda na tsakar gidan, ta zana hanyoyi da tsinke, aiki ya kankama. Ta koya musu murza yumɓu ya yi tsawo a naɗa shi ya zama ɗaki, suka yi jinka da tsinken tsintsiya. Ɓarin bulo ya zama dutse, gwangwanin tumatir ya zama rijiya, reshen darbejiya ya zama tsamiyar dandali, ashana biyu suka zama gicciyen coci. Kowane gida sai ta faɗi mai shi, da abin da ya shahara da shi: wannan marowaci ne, wannan awakinsa sun addabi unguwa, wannan matarsa ta fi kowa murya a waƙa. Ta faɗi sunan abu da Margi su maimaita, su kwaɓa shi, ta yi dariya har da tari. Tun rasuwar Baba Jona ban ji wannan dariyar ba. Daga baya suka ƙera mutane, har da su kansu, har da wata doguwa mai ɗankwali a karkace, wadda Phoebe ta tsayar a ƙofar gidan kakanta.

Ran nan da rana tsaka tsohuwa ta ɗan kishingiɗa a ɗaki. Ni ina kan turmina, na ga yaran sun duƙufa da cokali da murfin gwangwani suna tona ƙasa. Suka tona rami ya kewaye garin kaf, suka tara ƙasar a bakinsa. Suka bar ƙofa ɗaya, suka gitta kara, suka cika ledojin magi da yashi suka jera, suka kawo motar sojojin nan suka ajiye. Ni ban ga laifi ba, wallahi sai ma suka burge ni. Haka Maiduguri take, rami ya kewaye ta, ba a shiga sai ta shingen sojoji, kuma yaran nan ba su san wani irin gari ba.

Ta fito tana gyara ɗankwali, ta tsaya cak.

"Mene ne wannan?"

"Rami ne, Kaka," in ji Zion, yana jiran yabo. "Kin manta ba ki sa mu yi ba."

"Garinmu ba shi da rami! Ta ko'ina ake shiga, ta gona, ta dutse, ta rafi. Baƙo ko daga ina ya ɓullo ruwa ake fara ba shi."

"To gari ne babu rami? Ta ina ake hana su shigowa?"

Phoebe ta ɗaga kai, hannunta duk yumɓu, ta ce, "Shi ya sa kuka gudu, Kaka. Da kun tona da ba ku gudu ba."

Mama Tabitha ta sa ƙafa ta fara tura ƙasa tana cike ramin, da ƙarfi, har ta taka wani rumbu ya ruguje. Ta yi jifa da motar sojojin. Zion ya tashi ya shige ɗaki. Phoebe ta tsallaka cikin garin ta ɗauke doguwar matar nan daga ƙofar gida, ta ce ba za ta bar Kaka a garin da ba rami ba, ta sa ta a aljihun rigarta.

Kwana da kwanaki ba wanda ya taɓa yumɓu. Yaran suka koma kwanciya a tabarma suna kallon sama, ita kuma ta zauna gaban garinta ita kaɗai tana gyara rumbun da ta rusa, tana magana ƙasa-ƙasa da Margi, babu mai amsa mata. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi. Na ce, "Mama, don Allah ki bar musu raminsu mana, wasan yara ne." Ta harare ni. Ta ce, "In na bar shi, garin ƙarya za su tafi da shi. Za su ce kakanninsu ma a cikin tsoro suka zauna. Mu ba mu zauna cikin tsoro ba, Sa'a. Mun zauna lafiya, ina so wani ya san mun taɓa zama lafiya." Na sauka daga turmi.

Sun shirya daga baya, kamar yadda kaka da jikoki suke shiryawa, da gasa masara da tsokana. Da damina ta matso ta kwashe gidajen ta gasa su a inda take gasa kasko don kada ruwa ya narkar da su, yaran suka mayar da kowanne wurinsa. Zion ya iya faɗin masu gidajen ba kuskure. Maganar rami ba wanda ya sake tayarwa, doguwar matar kuma tana nan a aljihun Phoebe.

Da aka buɗe hanya Joseph ya zo da mota. Tsohuwa ta naɗe wasu gidajen a tsumma za ta ba su, ya ce, "Mama, mota ta cika, kuma fashewa za su yi a hanya." Ta mayar da su ba gardama. Tana can waje tana ɗora musu ƙullin daddawa da kuka, yaran suka ce sun manta takalmi, suka ruga ciki, suka ɗan jima. Da suka fito gwiwoyinsu duk ƙasa. Phoebe ta rungume ta, ta ce, "Kaka, mun tona miki. Yanzu ba wanda zai shigo."

Bayan motar ta ɓace na hau turmi. Ramin ya dawo, an tona shi a gurguje, a karkace. Sun kwashe mutum-mutumin su biyun sun tafi da su. Doguwar matar tana tsaye a ƙofar gidan Baba Jona na yumɓu. Mama Tabitha ta daɗe tana kallo, ina jiran ta sa ƙafa, ba ta sa ba.

Suna kiranta a waya jefi-jefi, ita kuma da yake kunnenta ya yi nauyi a fili take sa muryar, duk ina ji. Takan tambayi Zion gidan wa ke kusa da rijiya, ya ce ya manta. Takan gaishe su da Margi su amsa da Turanci. Abu ɗaya ne ba sa mantawa, kowane kira sai Phoebe ta tambaya: "Kaka, ramin yana nan?" Ita kuma ta ce yana nan.

Kuma yana nan ɗin. Duk ruwan da aka yi yashi yakan cike shi. Da safe, kafin ta taɓa yumɓun kasko, sai in ga ta durƙusa da ƙyar, da cokalin nan da yaran suka lanƙwasa, tana bin ramin tana kwashe yashin har ta kewayo inda ta fara.