Jajayen kwalaben Mushe Lawali

Da safen nan labari ya same ni ina tsaye a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu: malaminmu Mushe Lawali ya rasu a Gure. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 

Mushe muke ce wa malami a lakwal, wato makarantar boko. Shi ya koya mana kimiyya, can cikin shekarun alif ɗari tara da casa'in. Baƙo ne, aiki ya kawo shi, ya auri Inna Falmata, ya zama namu.

Lakwal ɗinmu ba kayan gwaji, allin ma sai an yi dabara. Sai wata rana ya kwashe mu a ƙafa zuwa wani kwari gabas da gari, inda ake haƙar kanwa. Ruwan wurin ja ne kamar an zuba zoɓo. Ya ce wasu halittu ne da ido ba ya gani suka rina shi, sunansu arkiya, kuma sai cikin gishiri suke rayuwa.

Ya ari igiyar guga hannun wani mai lambu, ya ce mu ɗauka ita ce DNA, zaren gadon halitta. Akwai wani sinadari, anzim, mai yanka ta wuri biyu ya sake ƙullawa, da haka gado ke sauyawa. Akwai kuma wasu sinadaran, furotin, masu manne mata. Ya lanƙwasa igiyar har wuraren biyu suka haɗu: wani furotin taimakon anzim yake. Ya naɗe ta da rawaninsa kaf: wani kuma rufe ta yake, anzim ya rasa wurin yanka.

Na ce, "Mushe, to na cikin ruwan nan wanne suke yi?"

Ya ce, "Yo ina na sani, sarkin tambaya? Ke za ki zo ki gaya mani."

Wallahi tambayar nan ce aikina har yau.

Lokacin da babana ya so cire ni daga lakwal, Mushe ya yi ta zarya shagonmu yana shan shayi har baba ya gaji ya bar ni.

Kwarin nan yanzu babu shi, rairayi ya binne shi tuntuni. Abin da ya rage shi ne kwalaben ruwan da Mushe ya ɗebo, yana juya halittun daga wannan kwalba zuwa waccan da ruwan kanwa da gishiri da yake haɗawa da kansa. Suna kan tagar ɗakinsa. Ban san wani wuri a duniya da irin halittun nan ya saura ba.

Ganinmu na ƙarshe da Sallar Layya ne. Ya rame ƙwarai. Na ce zan dawo bayan damina da kayan ɗaukar kwalaben na kirki. Ya kalli tagar ya ce, "'Yata, ki hanzarta. Falmata tausayi gare ta, ko akuya ta ga tana haki sai ta ba ta ruwa."

Abin da ya hana ni zama ke nan. Ruwan daɗi fasa halittun nan yake nan take. In Inna ta ga ruwan kwalaben ya ja baya, za ta cika su da ruwan randa don ta kula da kayan mijinta. In kuma mata sun shiga gyaran ɗaki, za a ɗauka ragowar magani ne a zubar.

Na kira ta, na sake kira, waya a kashe. Tana cikin takaba, wa zai ga laifinta? Ni kuwa ko yanzu na shiga mota ba zan isa yau ba.

Don girman Allah, 'yan Gure, duk wanda zai je gaisuwa gidan, ya ce mata kar a taɓa jajayen kwalaben nan. Kar a zubar, kar a wanke, kar a ƙara ko ɗigo. Ku tura saƙon nan ga wanda ya fi ku kusa da gidan.

Ban gaya masa amsar ba tukuna, jama'a. Ban gama ba.

Ku taya ni roƙo. Ya Allah Ka gafarta wa Mushe Lawali, Ka ba Inna Falmata haƙuri. Ya ƙare rayuwarsa yana tsaron ruwan gishiri, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.