Gishirin Mushen Shimi

A lisenmu, wato sakandaren Dakoro, an taɓa kawo mana wani mushen shimi, malamin kimiyyar sinadarai, ɗan birni, mai tafiya kamar ƙasar garin za ta ɓata masa takalmi. Tun ranar da ya sauka a tasha yake neman hanyar komawa. Ƴan daji yake ce mana, mu kuwa ba mu musa ba, don rabin ajin daga garke aka kamo su.

Abin da ya fi ji da shi a duniya shi ne lissafin nauyin gishiri. Wai ka ɗauki nauyin mol ɗin gishiri, wani awo na ƴan shimi, ka raba da yawan cajinsa, abin da ya fito shi ne nauyin da zai tsaya daidai da na wani gishirin. Ya cika tablo, allon aji, da wannan har alli ya yi tsada a Maradi. Mu da muka tashi muna fasa wa raƙuma kantun gishiri, sai ga mai gilashi yana koya mana gishiri da faransanci.

Sai labari ya zo mai duba malamai zai shiga ajinsa, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a mai da mushe birni ko a bar shi. Labo dai, ɗakin gwaji, ba mu da shi. Mushe ya aro ma'aunin maƙerin azurfa, ya sayo kantu da kanwa, ya yi ta kankara har kowane gutsure ya zo daidai da lissafi: gishiri giram hamsin da takwas da rabi, kanwa hamsin da uku.

Ranar, baƙon mai duba malamai ya zauna a baya yana fifita da takarda. Mushe ya gama lissafinsa a tablo, ya miƙa gutsuren biyu ga layin gaba.

"Ku duba da kyau, ku miƙa baya. In sun dawo za mu aza su bisa ma'auni, gishiri ya ɗan rinjayi kanwa, ku ga ilimi ba ya ƙarya."

Wanda ya san Dakoro ba zai yi wannan ganganci ba. A nan ba a duba gishiri da ido. Duk wanda aka miƙa wa kantu a kasuwa sai ya kai shi baki, ya lasa, ya lumshe ido, sannan ya faɗi ra'ayinsa. Haka iyayenmu ke yi, haka ajin ya yi, cikin ladabi. Wani ɗan Azagor har da ɓantara ya sa aljihu. Kafin ya iso layinmu na baya, kantun nan ya koma kamar haƙorin jinjiri, yana sheƙi.

Mushe ya karɓa da yatsu biyu, ya aza. Kanwa, wadda ba ta samu masoya ba, ta rinjayi gishiri nesa ba kusa ba.

"Wa ya ci mini darasi?"

"Mushe, ba ci muka yi ba, dubawa ce," in ji ɗan Azagor. "Kuma an cuce ka, wanga kantu ƙasa ta yi mai yawa."

"Kai, rufe mini baki."

"Gaskiya ce, Mushe, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta lasa," in ji yaron.

Baƙon ya tambayi mushe ko ya daɗe a garin. Ya ce shekara ta kusa.

"Kuma ba ka taɓa shiga kasuwar gishiri ba?"

Mushe ya gyara gilashi, ya juya yana goge tablon da bai gama bayani a kansa ba.

Da takardar canjin wuri ta fito, an canza masa wurin kuwa. Arewa aka ƙara tura shi, wajen Tagriss. Mu muka ɗora masa katifa bisa mota, yana ta tambayar direba ko can akwai lantarki.