Kwale-kwalen da Baba Bai Ƙarasa Ba

Yaushe rabonka da ka nuna wa mahaifinka aikin da kake yi, har ka bar shi ya sa hannu?

Wata rana wani saurayi mai suna Nafi'u ya koma ƙauyensu da ke bakin kogi, bayan ya gama karatun injiniya da bautar ƙasa. Kayansa ba yawa: jaka ɗaya, da kwali cike da wayoyin lantarki.

Abin da ya tarar shi ne abin da ya bari. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cinye hanyar jirage. Mai kwale-kwalen inji in ya shiga, ciyawa ta naɗe farfelar da ke cikin ruwa, sai a dawo ana turi da gora.

Nafi'u ya ce, to me zai hana a ɗauke farfelar daga ruwa a mayar da ita sama? Ta riƙa tura iska kamar fanka, jirgi ya riƙa sulɓi a kan ciyawar.

Dabara ce mai kyau, wallahi. Amma ba wanda zai yarda da ita a baki. Don haka ya ƙudurta zai fara haɗa ƙarami, tsawon kamu ɗaya, mai ɗan inji da batir, wanda ake sarrafawa da rimot daga bakin gaɓa.

A can ƙasan ransa kuwa, mutum ɗaya yake so ya ga jirgin nan yana tafiya. Mahaifinsa, Malam Hashimu.

Malam Hashimu masassaƙin kwale-kwale ne, shekara arba'in da gizago a hannu. Nafi'u ne ɗansa na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Bai taɓa kama sunansa ba. Bai taɓa yaba masa a gabansa ba. Ranar da aka kawo takardar digiri ma, "Madalla" kawai ya ce, ya ci gaba da sassaƙarsa.

Nafi'u ya fassara wannan da rashin kulawa.

Ya baje kayansa a zaure. Ya zana jirgin a kwamfuta, ya yanko jikinsa daga farin soson nan mara nauyi da ake naɗo firji a ciki, siriri mai kyan gani. Ya kafa injin can sama a kan ƙafafun katako, ya sa wasu faifai biyu a bayan farfelar masu karkata iska hagu da dama.

Wata safiya yana cikin liƙa su, sai ya ga inuwa a kansa. Baba ne, ya tsaya da gizago a kafaɗa. Ya daɗe yana kallo. Can ya miƙo hannu wajen injin.

"Kai, ba ni wannan ƙarfen in ji nauyinsa."

Nafi'u bai ko ɗago ba.

"Baba, bar shi kawai, gam ɗin bai bushe ba. Ai na auna a sikeli. Wannan ba irin aikinku ba ne."

Hannun ya koma a hankali.

"To. Allah ya taimaka."

Shi ke nan. Ya wuce rumfarsa.

Ranar gwaji masunta suka taru a bakin ruwa. Nafi'u ya waiga, ya waiga, bai ga Baba ba. Ya danna rimot. Farfela ta ɗauki ƙugi, jirgi ya zabura, bai yi taku goma ba ya karkata ya kife.

Wani tsohon masunci ya ce, "Injiniya, shi jirgin naka ninƙaya ya zo koya?"

Aka yi dariya. Nafi'u ma ya yi, ta dole.

Nauyin ya yi sama da yawa, gindin kuma ya yi ƙunci. Ya gyara, jirgin ya sake kifewa. Ya ƙara gyarawa, a karo na uku ruwa ya shiga batirin ya ƙona shi.

Duk kwanakin nan suna cin tuwo a gida ɗaya da mutumin da bai taɓa sassaƙa jirgin da ya kife ba. Ko sau ɗaya bai tambaye shi ba.

Ya kulle kayan a ɗakinsa ya tafi Kano neman wani batirin, da niyyar mako guda. Wani ɗan aiki ya riƙe shi wata biyu.

A can waya ta same shi. Zazzaɓi ne ya kama Baba, kwana huɗu. Kafin motarsu ta iso an riga an kai Malam Hashimu makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai, Gwaggo Lantana, ƙanwar marigayin, ta kira shi. Ta kai shi rumfar sassaƙa, ta ɗaga wata tsohuwar tabarma.

Ƙaramin kwale-kwale ne na itacen rimi, tsawon kamu ɗaya. Gindinsa shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, hancinsa a ɗage. Bayansa ya yi sumul. Cikin ne aka rarake rabi aka tsaya.

"Tun ranar da naka ya fara kifewa ya soma shi," in ji ta. "Yana bayan bishiyar gawo ranar, ya ga komai."

Nafi'u ya durƙusa. "Gwaggo, me ya hana shi ƙarasawa?"

"Nauyin ƙarfen naka ne bai sani ba. Ya ce shi in bai ɗauki kaya a tafin hannunsa ba, ba ya sanin zurfin da zai rarake. Sau biyu yana aikena in ɗauko masa, na tarar da kwaɗo a ƙofarka."

"Ai da ya sake tambayata."

Ta kalle shi.

"Kai ɗan fari ne, Nafi'u. Ita waccan tambayar guda ɗaya ma, sai da ya kwana uku yana juya ta a ransa."

Ya rungume guntun icen, ya yi kukan da bai yi ba ranar da ya iso.

Ya so ya ƙarasa sassaƙar, sai ya tarar ko riƙon gizago bai iya ba. Ya ji tsoron ya ɓata. Don haka ya ɗora injin da sabon batirin a kai yadda yake, ya sassauto da su ƙasa-ƙasa.

Da hantsi ya kai shi ruwa, bai gayyaci kowa ba. Masunta biyu ne kawai suna ɗinkin komar kamun kifi.

Ya danna rimot.

Jirgin ya yi nauyi, saboda icen da ba a cire ba. Ba ya gudu. A hankali ya tafi, ya hau kan ganyen kacallar da ya kwanta, ya wuce. Ya juya shi hagu, ya juya shi dama, ya sakar masa wuta duka.

Bai kife ba.

Ɗaya daga cikin masuntan ya ajiye komarsa, ya ce, "Wannan gindin, hannun Hashimu ne."

Nafi'u ya ci gaba da juya jirgin. Yana tsaye har batirin ya ƙare, sannan ya naɗe wando ya shiga ruwa ya ɗauko abinsa.

Darasi: Karatunmu ya koya mana aunawa da sikeli, iyayenmu kuma da tafin hannu suke aunawa, kuma nasu ma ilimi ne. Da yawansu ba su iya cewa "ina alfahari da kai" ba. Abin da suka iya shi ne "ba ni in gani". In ka ture hannun sau ɗaya, mai yiwuwa kunya ta hana shi sake miƙowa.

In naka suna raye, ɗauki abin da kake haɗawa yau, ko bai kammala ba, ka kai musu su riƙa. In sun rasu, yi musu addu'a. Sannan ka tura wa abokinka ɗan boko wannan labari, tun yana da wanda zai nuna wa.