Maganar Sunusi Tana Gaban Manya

Lado direban bas ne a Doha, mutumin Gumel, kuma duk unguwar Bin Mahmud an san shi da ladabi. Ko injin cire kuɗi ya tsaya a gabansa, sai ka ce zai tambaye shi ya iyali.

Ƙanensa Sunusi shi ma a nan ya yi aiki, a wani kamfani da ke duba waldar bututu da na'ura mai tururin nukiliya. Shekara biyar yana rungumar na'urar nan ba kayan kariya na kirki. Sankarar jini ta kama shi, ya rasu ranar goma ga Disamba, 2019. Lado ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Ya buga wa Haulat, matar marigayin, waya a gida, ya yi mata alkawarin sai kamfanin ya amsa laifinsa, ko don marayu uku.

Sai dai a tarbiyyar Lado, ba a kai babba ƙara alhali magana tana gabansa. Don haka ya sa babbar riga ya tafi gaida manajan kamfanin. Zuwan farko bai faɗi abin da ya kawo shi ba, ai rashin kunya ne. Sai a na uku ya ɗan taɓo zancen.

"Sunusi ɗana ne," in ji manajan, yana zuba masa gahawa. "Khalas, shi ke nan, ka bar mini. Bari korona ta wuce."

Korona ta lafa, aka ce shirin gasar ƙwallon kofin duniya ya ɗauke hankalin kowa. Ikhlas, wata lauya 'yar Kano da yake kai yaranta makaranta, ta ja masa kunne ya fi a ƙirga.

"Malam Lado, irin wannan ƙarar wa'adi gare ta, shekara uku daga ranar rasuwa. Kotu ba ta san gaisuwa ba."

"Hajiya, ai maganar tana gaban manya. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

Aka gama gasar, manajan ya daina ɗaga waya. Ran ashirin ga Disamba, 2022, Lado ya kwashi takardun asibiti ya tafi ofishin Ikhlas. Ta duba takardar shaidar mutuwa, ta dubi kalanda, ta cire tabarau.

"Kwana goma ke nan da rufe ƙofa. Ina kake ran goma ga wata?"

 Ran nan Lado yana filin wasa. Ranar ce Maroko ta ci Fotugal, kuma manajan ne da kansa ya aiko masa da tikiti, kujera mai kyau, kusa da fili. Ya yi tsalle, ya rungumi wani Balarabe da bai sani ba. Har hoto ya tura wa Haulat, ya rubuta a ƙasa: "Kin ga yadda mutanen nan suke girmama mu."