Farar Shadda a Jana'izar Birmingham

Mun tashi da asuba daga Moss Side, cikin yayyafin nan na Manchester da mutum ke rainawa har ya jiƙe sharkaf. Ni da abokina ne, mazaunin Gorton mai aikin kula da tsofaffi. Birmingham muka nufa, jana'izar malamina, Baturen da ke duba aikin digirina na uku a kan launuka a tsofaffin ƙagaggun labaran Amurka, wato abin da marubutansu ke nufi in sun sa wa mace farar riga ko sun shafa wa gida jan fenti.

Ba zan ɓoye muku ba, buƙata biyu ta fitar da ni. Akwai ta'aziyya, akwai kuma wata malama a can da aka ce ita kaɗai za ta iya karɓar aikina. A sashenmu ba mai sha'awarsa, tallafin karatuna kuma ya kusa ƙarewa. In ta ƙi, sai dai in koma gida hannu rabbana.

Sai a tasha abokina ya dube ni sama da ƙasa, ya ga farar shadda ta leƙo ƙarƙashin rigar sanyi.

"Malam, funeral za mu je fa, ba Idi ba. Kai da ka rubuta whole chapter a kan baƙi da fari?"

Wallahi na san Turawa baƙaƙen kaya suke sawa a jana'iza. Amma da na buɗe akwati, hannuna ya tafi inda ya saba. A wurinmu, wanda kake girmamawa kayanka mafi kyau kake sa masa. Komawa kuma ba hali, mota ta fara lodi.

Tikitin ba tsada, shayin tasha ne ya ci mana mutunci, ruwan zafi da suna kawai. A littattafan da nake nazari, hanya alamar 'yanci ce, mutum ya kama ta ya bar baƙin cikinsa a baya. Tamu kuwa gyara ake yi, muka yi ta rarrafe a bayan tireloli, muna kallon tumaki tsaye cikin ruwa kamar an ci su tara.

Kusan wata guda gawar na ajiye kafin a yi jana'izar, kuma ba maƙabarta muka je ba, gidan ƙona gawa ne. Na shiga ɗaki cike da baƙaƙen kwat, ni kaɗai fari fat kamar balbela cikin hankaki. Kowa ya kau da kai cikin ladabi, ni dai na gwammace a yi min dariya. Aka yi jawabai, aka sa kiɗa a hankali, labule ya rufe akwatin gawar. Shi ke nan. Ba rami, ba ƙasar da za ka zuba da hannunka. Na ce innalillahi.

A wurin cin abinci aka kawo burodi mai sanyi da ƙwai a ciki. Na tari malamar a bakin tebur. Ta saurare ni da ladabi, ta ce ɗalibai sun yi mata yawa, kuma farautar alamomi cikin labari tsohon yayi ne. Ta yi min fatan alheri, ta juya ta ɗauki kofinta.

Ina neman ƙofa matar marigayin ta riƙe hannun rigata.

"Kai ne mai maganar fari," in ji ta.

Tun farkon aikina muke jayayya da mijinta. Shi yana cewa fari a waɗannan littattafai tsarki ne na ƙarya, ni ina cewa mutuwa ce, don ni da likkafani na san shi. Kullum amsarsa ɗaya: kawo hujja. Ta ce wani dare suna cin abinci ya ajiye cokali ya ce ɗalibin nan ya fi shi gaskiya, amma ba zai gaya masa ba sai ranar da ya kare aikinsa, kada ya yi sanyi.

A hanyar dawowa abokina ya yi ta cewa, "Ka je department ranar Monday, they'll sort something, in sha Allahu." Wai sashenmu zai samo min mafita. Na ce to. Muka sauka kafin magariba, na bi Oxford Road a ƙafa, ban ɗaga kai na dubi tagar ofishin malamina a jami'a ba.

Abin da tafiyar ta koya min ke nan: a littafi, marubuci kan aiko da alama kafin ya kashe mutum, agogo ya tsaya ko tsuntsu ya faɗo. Allah ba ya shawara da kowa. Ranar da muka rabu da malamina cewa ya yi sai mako mai zuwa. Yanzu ba ni da mai duba aiki, mutum ɗaya da ya yarda da ni kuma ya tafi da maganar a bakinsa.